A gindin Vesuvius, tashi ya fi zama tsada

Mutum kusan dubu 700 ne ke kwana suna tashi a yankin da gwamnatin Italiya da kanta ta shafa wa jan fenti a taswira, wato garuruwa 25 da ke kewaye da Vesuvius, dutse mai aman wuta da ke gabas da birnin Napoli. Ma'anar jan fentin ita ce, ranar da dutsen ya farka da gaske, duk wanda aka bari a wurin ba a sa ran sake ganinsa da rai. Abin da hukumar kare farar hula ta ƙasar ta tanada shi ne a kwashe su kakaf cikin awa 72: awa 12 na shiri, 48 na tafiya, 12 na ko-ta-kwana. Har an riga an raba musu masauki. Mutanen garin Pompei na yanzu tsibirin Sardiniya za a kai su, na Torre del Greco kuma Lombardiya, can arewa. A takarda abin gwanin sha'awa ne. Ni dai ban yarda wannan shiri ya isa a kira shi mafita ba, kuma hujjata tana cikin abin da aka tono daga ƙarƙashin tokar aman shekara ta 79 miladiyya, wanda ya binne tsofaffin garuruwan Rumawa, Pompeii da Herculaneum.

Wanda bai san halin dutsen ba zai ɗauka duk aman wuta iri ɗaya ne. Ɓawon duniya ba a dunƙule yake ba, faya-faye ne manya da ke motsi a hankali, kuma a ƙarƙashin Bahar Rum faifan da ke ɗauke da Afirka yana kutsawa ƙarƙashin na Turai. Abin da ya nutse yana sakin ruwan jikinsa, ruwan ya sa duwatsun can ƙasa su narke, narkakken kuma ya shiga neman hanyar hawowa. Akwai inda abin da ke hawowa ruwa-ruwa ne, irin na tsibiran Hawaii, iskar da ke cikinsa tana ficewa salin-alin, ya gangaro sannu a hankali har mutum ya tsaya ɗaukar hoto. Vesuvius in ya daɗe a toshe ba haka yake ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan talge ya san bambancin: ruwa tafasa kawai yake yi, amma da zarar talgen ya yi kauri sai ya riƙe iska, ya kumbura, ya fashe, ya watso wa mai tuƙi a hannu. Tsayin dutsen a yau mita 1,281 ne, kuma katangar dutse da ta zagaye shi ta arewa, wadda ake kira Monte Somma, ragowar wani tsohon dutse ne da ya fi shi girma, wanda kansa ya rufta a irin waɗannan fashe-fashe.

Rumawa ba su san wannan ba. Ƙarni bayan ƙarni dutsen bai yi wani aman da zai zauna a kan mutane ba. Gangarensa gonakin inabi ne, kuma a shekara ta 73 kafin miladiyya a kansa Spartacus da bayin da suka yi tawaye suka kafa sansani. Masanin ƙasa Strabo ya lura cewa duwatsun ƙololuwarsa sun yi kama da abin da wuta ta ci, amma ya ɗauka wutar ta mutu tuntuni. A shekara ta 62 miladiyya wata girgizar ƙasa mai ƙarfi ta rusa sassa da yawa na Pompeii da Herculaneum, ba wanda ya danganta ta da dutsen. Wasu sun tattara nasu ya nasu sun bar yankin Kampaniya, inda dutsen yake, suka ce ba su ba shi har abada. Malamin falsafa Seneca ya rubuta a kan wannan girgiza, kuma ya ce kada a saurari waɗanda suka gudu, domin wa ya ba su tabbacin cewa ƙasar da suka koma ta fi wadda suka bari kafuwa? Magana ce mai daɗin ji, da ƙamshin hikima. Kuma kuskure ce. Gaskiya ne ko'ina ana mutuwa, amma ba ko'ina ba ne ke gindin Vesuvius. Bayan shekara 17 waɗanda aka yi wa gori su ne suka ci riba.

Waɗanda suka zauna kuwa gyara suka shiga yi. Masu tono sun tarar da tulin farar ƙasa da tubala da kayan magina a gidaje da dama, alamar cewa har ranar ƙarshe ana kan aiki. Wannan abu ina so a riƙe shi, domin shi ne zuciyar maganata: mutumin da ya gama zuba ƙarfinsa a bango bai cika son jin zancen tashi ba.

Labarin ranar kanta mun same shi ne daga wani saurayi mai shekara 17, Pliny Ƙarami, wanda yake Misenum, tsallaken gaɓar teku, kimanin kilomita 30 daga dutsen. Bayan shekaru ya rubuta wasiƙu biyu ga marubucin tarihi Tacitus. Ya ce kwanaki kafin nan ƙasa ta yi ta motsi, amma ba wanda ya damu, saboda abu ne da aka saba a Kampaniya. Sabo turken wawa. Da rana tsaka mahaifiyarsa ta hango wani gajimare da ya miƙe sama sannan ya baje kansa. Masana na yanzu sun ƙiyasta tsayinsa ya kai kilomita 30 ko fiye. An daɗe ana cewa ranar 24 ga Agusta ce, amma wani rubutun gawayi da aka gano a bangon wani gida a 2018, mai ɗauke da kwanan wata na tsakiyar Oktoba, da kuma 'ya'yan itatuwan kaka irin su rumman da aka samu, sun sa da yawa sun karkata ga ƙarshen Oktoba.

Iska ta kaɗa gajimaren kudu maso gabas, sai ya shiga zubo wa Pompeii tsakuwa mara nauyi, irin dutsen nan mai huji-huji da ake goge kaushi da shi. Kusan awa 18 tana zuba, har ta taru kusan mita 3, rufin gidaje ya fara ruftawa. A wannan tsakanin hanya a buɗe take ga wanda ya yanke shawara da wuri. Duhu ne, tsakuwa na dukan kai, amma ana iya tafiya, kuma mafi yawan mutanen garin sun tafi. Garin da ake ƙiyasta mutanensa sun haura dubu 10, gawar da aka tono zuwa yanzu kimanin 1,150 ce, ko da yake akwai sashen garin da ba a tone ba, akwai kuma waɗanda suka mutu a hanya. Cikin waɗannan gawarwaki kusan 400 an same su ne a cikin tsakuwar, yawancinsu rufi ya danne. Kusan 650 kuwa a saman tsakuwar aka same su, cikin toka. Ma'ana sun tsira daga daren farko. Sun shige ɗaki sun rufe ƙofa suna jiran abin ya lafa, kuma da asuba ya ɗan lafa. Sai gajimaren ya gaza ɗaukar nauyin kansa ya rufto, ya gangaro a matsayin guguwar toka da iska mai ƙuna, zafinta ɗaruruwan digiri, gudunta ya fi na doki nesa ba kusa ba. Wannan ita ce mai kisan, ba narkakken dutsen da ake nunawa a hotuna ba.

Herculaneum, da ke yamma da dutsen, tsakuwa ba ta dame shi ba, amma shi guguwar ta fara isa wa cikin dare, ta binne shi ƙarƙashin mita 20 ko kusa da haka. An daɗe ana zaton mutanensa duk sun tsere, sai daga 1980 aka fara tono ƙasusuwa a rumfunan ajiye kwale-kwale na bakin teku, har kusan mutum 300, mata da yara a ciki, maza da yawa a waje kan rairayi, har da wani soja da takobinsa. Jiran jirgi suke yi. Jiragen kuwa sun taso. Kawun saurayin nan, Pliny Babba, shi ne kwamandan rundunar ruwa ta Misenum, ya fito da manyan jirage don ceto, amma tarkacen dutse ya toshe gaɓar, ya kasa sauka. Ya juya zuwa Stabiae gidan abokinsa, ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta har da minshari, don dai ya nuna wa mutane babu abin tsoro. Da tsakar gida ta fara cika suka ɗaura matasan kai a ka suka fita bakin teku, a nan ya faɗi ya mutu. Jarumi ne, ba na musu. Amma shirin kwashe mutane na farko da aka sani a gindin Vesuvius ke nan: hukuma ta zo da gaske, da kayan aiki, ta kuma makara.

Bari in ɗan ratse. Hotunan mutanen Pompeii suna yawo a wayoyinmu da rubutun cewa mutane ne da aka mayar duwatsu saboda alfasha, wasu har suna haɗa su da mutanen Annabi Luɗu (AS). Ba garinsu ba ne, ba zamaninsu ba ne, kuma ba duwatsu ba ne. Toka ce ta daskare a jikin gawa, gawar ta ruɓe ta bar rami mai siffarta, sai a 1863 wani mai tono, Giuseppe Fiorelli, ya fara ɗura ruwan farar ƙasa a ramukan, abin da ya bushe shi ne muke gani. Ɗaukar izina daga kufai abu ne mai kyau, kuma hukuncin bayi na Mahaliccinsu ne. Abin da ba na so shi ne izinar da ke ƙarewa a "su miyagu ne, shi ya sa". Cikin siffofin nan akwai yara ƙanana, akwai bayi, akwai karen da aka bari a ɗaure. Mutanen Torre del Greco ma suna da tasu maganar mai ɗaci, wai Napoli ke aikata zunubi, Torre ke biya.

To, Rumawa suna da uzurin rashin sani. Na bayansu ba su da shi. A Disamban 1631 dutsen ya sake fashewa ya kashe aƙalla mutum dubu 3, kuma shekarar da ta biyo baya wakilin Sarkin Sifaniya a Napoli ya sa aka kafa allon dutse a Portici, yana kiran jikoki da tattaɓa-kunne, yana gaya musu cewa in sun ji dutsen yana ruri su gudu, kada su tsaya ta dukiya. Allon yana nan har yau, a tsakiyar garin da ke da mutum fiye da dubu 10 a kowane murabba'in kilomita, ɗaya daga cikin mafi cunkoso a Italiya. A 1794 narkakken dutse ya malale yawancin Torre del Greco, sarkin Napoli ya yi wa mutanen garin tayin wani wuri, suka ƙi, suka sake gini a kan abin da ya daskare. A 1841 aka kafa cibiyar sa ido a kan dutsen, wadda ita ce irinta ta farko a duniya. A 1906 ya yi aman da ya kashe fiye da mutum 100. Na ƙarshe shi ne na Maris 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ci garuruwan San Sebastiano da Massa, ya lalata jiragen yaƙin Amurka da dama a filinsu. Daga nan maƙogwaronsa ya toshe, hayaƙin da aka saba gani ya ɗauke, kuma a cikin wannan shirun ne gine-gine suka haye gangarensa.

Mai kallo daga nesa zai yi saurin cewa taurin kai ne. Ban yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin Ercolano ko Boscoreale, garuruwa biyu na jan yankin, ya fi mu sanin abin da ke bayan gidansa, lissafi kawai ya yi. In ya tashi, asararsa tabbas ce kuma yau ce: gidan da ya gada, shagonsa, makarantar 'ya'yansa, uwarsa da ke hawa na biyu, sana'ar murjani da Torre del Greco ta yi suna a kanta, gonar tumatir da inabi a ƙasar da tokar nan ta mayar mai albarka, ko cinikin baƙi miliyoyi da ke zuwa kallon Pompeii duk shekara. In ya zauna, asarar ta fi girma amma ba ta da rana, tana iya zuwa bana, tana iya tsallake shi da jikokinsa. Kowane ɗan Adam, a kowace ƙasa, in aka ba shi wannan zaɓi zama zai yi. Saboda haka wa'azi ba zai tashe shi ba, allon Portici ya gwada kusan shekara 400. Abin da zai tashe shi shi ne a sauya lissafin, a rage tsadar tashi.

A nan ne nake ganin laifin hukuma. Sau uku, a 1985 da 1994 da 2003, Italiya ta yi dokar yafiya ga gine-ginen da aka yi ba da izini ba: ka biya tara, gidanka ya halatta. Saƙon da talaka ya ɗauka a fili yake, ka gina kawai, wata yafiyar na tafe. A 2003 jihar Kampaniya ta hana sabon ginin zama a jan yankin, abin a yaba, ta kuma fito da tayin Yuro dubu 30 ga iyalin da ya yarda ya koma waje. Kaɗan ne suka karɓa, kuma ba abin mamaki ba ne. Kuɗin ba ya sayen gida, bai zo da aikin yi ba, kuma gidan da aka bari in ba a rushe shi ko an sauya masa amfani ba, wani ne zai shiga. An gwada abin da rabin zuciya, da ya gaza sai aka ce ai mutanen ne ba sa so, aka koma aka jingina da awa 72.

Awa 72 ɗin nan kuwa tana tsaye ne a kan zato biyu. Na farko, cewa aman da ke tafe zai yi girman na 1631, domin a kansa aka auna shirin, ba na 79 ba. Akwai masana, cikinsu har da Giuseppe Mastrolorenzo na cibiyar sa idon, da suka daɗe suna cewa a duba wanda ya fi haka. Kusan shekara 4,000 da suka wuce dutsen ya yi aman da ake kira na Avellino, wanda ya binne ƙauyuka a wajen Nola, tokarsa ta kai inda Napoli take a yau, kuma an tono sawun ƙafafun dubban mutane da suka gudu a kanta. Zato na biyu ya fi damuna: cewa dutsen zai ba da sanarwa a fili, masana su karanta ta daidai, ɗan siyasa kuma ya yi ƙarfin halin sa hannu. Na'urori a yau suna jin motsin da ɗan Adam ba ya ji, suna auna kumburin ƙasa da iskar da ke fita. Amma na'ura ba ta faɗin rana. A yammacin Napoli, a Campi Flegrei, wani yanki mai aman wuta, ƙasar garin Pozzuoli ta kumbura kusan mita 2 tsakanin 1982 da 1984, aka kwashe dubban mutane, aka gina musu sabuwar unguwa a Monteruscello, kuma babu aman da ya zo. Wa zai so ya zama wanda ya kwashe mutum dubu 700, ya tsayar da tattalin arzikin jiha guda, sannan dutse ya yi shiru? Wa kuma zai so ya zama wanda ya ce a kwantar da hankali? Italiya ta ga wannan ma. Bayan girgizar L'Aquila ta 2009, wadda ta kashe mutum 309, an gurfanar da masana shida da jami'i ɗaya kan kalaman kwantar da hankali da aka yi kafin ta, aka yanke musu shekara shida-shida a 2012, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masanan a 2014. Duk masanin da zai zauna a teburin shawara kan Vesuvius da wannan shari'a a ransa zai zauna.

Ba cewa nake a yar da shirin ba. Dole a yi shi, a riƙa gwada shi da mutane na gaske a kan tituna na gaske, domin titunan garuruwan nan ƙanana ne, ko a ranar da babu abin da ya faru cunkoso suke yi. Amma kwashe mutum dubu 700 daban, kwashe dubu 400 daban, kuma tazarar da ke tsakani ba a cike ta cikin kwana uku, aikin shekara 40 ko 50 ne. Ba kora nake nufi ba, tsoho ya ƙarasa kwanakinsa a gidansa. Matasa masu shirin aure su ne abin nema: a sa gida da aiki a wajen yankin su fi sauƙin samu, jirgin ƙasa ya riƙa kawo mutum gonarsa ko shagonsa da safe ya mayar da shi da yamma, duk gidan da hukuma ta saya a rushe shi ko a mayar da shi abin da ba a kwana a ciki, kuma a rufe ƙofar yafiya a wannan yanki rufewa ta har abada. Sannan a yi doka tun yanzu cewa in an kwashe mutane aman bai zo ba, gwamnati ce za ta biya asarar, kuma ba za a kai masani kotu don ya ce a tashi ba. In ba haka ba, kowa zai jira tabbas, kuma mutum 650 na Pompeii tabbas suka jira.

Za a ce kuɗin ya yi yawa. Ya yi, amma ko ba a biya yanzu ba za a biya daga baya. Sarkin Rumawa Titus, wanda bai fi wata huɗu a kan mulki ba lokacin aman shekara ta 79, ya naɗa manyan jami'ai biyu su kula da farfaɗo da Kampaniya, ya kuma ware dukiyar waɗanda suka mutu ba magaji don aikin. Masu bin sunayen iyalai a rubuce-rubucen kaburbura sun gano mutanen Pompeii da Herculaneum sun sake kafuwa a Napoli da Cumae da Puteoli da Ostia. Puteoli ita ce Pozzuoli ta yau, wadda ƙasarta ta koma kumbura tun 2005, aka ɗaga matakin gargaɗinta a 2012, kuma a Maris 2025 girgiza mai maki 4.6 ta fito da mutanenta kan titi cikin dare. Can ma akwai jan yanki mai mutum kusan dubu 500, can ma awa 72 aka tanada, kuma hanyoyin fita daga yankunan biyu duk a jiha ɗaya suke.